Tsarin ba da labari a littattafan distofiya: daga Orwell zuwa marubutan Togo

Distofiya, wadda ake kira dystopie da Faransanci, nau'in ƙagaggen labari ne da ke siffanta ƙasar da aka ɓata rayuwa a cikinta da gangan kuma bisa tsari. Hukuma ta mallake aikin mutum da iyalinsa da tunaninsa, har da kalmomin da zai furta. A irin waɗannan littattafai, yadda aka tsara ba da labarin yana juya abin da zai faru a cikinsa fiye da yadda ake gani a labaran soyayya ko na jarumtaka. Dalili kuwa shi ne, a ƙasar da aka hana magana, ba da labari ma laifi ne. Tilas marubuci ya san wanda ke magana, da inda ya ɓuya, da wanda ke sauraronsa, da hanyar da maganar ta bi ta tsira har ta iso hannun mai karatu. Daga waɗannan amsoshi ne mafi yawan abubuwan da ke aukuwa a littafin suke fitowa. Togo na cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke da misalai masu ƙarfi na wannan, a rubuce-rubucen Kossi Efoui da Sami Tchak, da kuma littafin da Ahmadou Kourouma ya gina a kan tarihin ƙasar.

Asalin kalmar

A shekarar 1516 Thomas More na Ingila ya wallafa Utopia, labarin wani tsibiri da komai ke tafiya daidai a cikinsa. Distofiya kishiyar wannan ce. An ƙera kalmar daga Girkanci, ma'anarta mummunan wuri, kuma masanin falsafa John Stuart Mill ya yi amfani da ita a majalisar dokokin Birtaniya a 1868. Nau'in ya kafu sosai a ƙarni na 20, bayan da duniya ta ga yaƙe-yaƙe biyu da gwamnatocin jam'iyya ɗaya masu sa ido kan kowa.

Zaren labari da tsarin labari

Masu nazarin adabin Hausa sukan yi maganar zubi da tsari. A nan za a bambanta abu biyu. Zaren labari shi ne jerin abubuwan da suka faru da yadda wani ya jawo wani. Tsarin labari kuwa shi ne yadda aka miƙa wa mai karatu waɗannan abubuwa: bakin wa suka fito, daga ina aka fara, me aka jinkirta, me aka ɓoye. Manazarcin Faransa Gérard Genette ya yi irin wannan rabe-rabe a littafinsa Figures III na 1972, inda ya raba histoire da récit, kalmomin da ɗaliban lise suka saba ji a darasin Faransanci.

Misali daga hanya zai fayyace batun. A ce tirela ta taso daga Cinkassé za ta Lome, birki ya tsinke mata a gangaren Aledjo, kaya suka zube, aka tsare direba a Sokode. Zaren labarin ke nan. In direban ne ke ba da shi a gaban jandarma, zai ɓoye gudun da ya yi, labarin ya zama na kare kai. In yaron mota ne ke ba wa mahaifiyarsa bayan shekara goma, mai sauraro ya riga ya san yaron ya rayu, sai hankali ya koma kan yadda ya tsira. In kuwa takardar mai kaya ce kawai aka tsinta, ba a san abin da ya samu direban ba. Haɗari ɗaya ne, amma kowane tsari ya haifar da nasa ƙarshen.

Tsare-tsaren da aka fi sani

Na farko shi ne littafin sirri, wato mutum yana rubuta abin da ke faruwa da shi kullum a ɓoye. Yevgeny Zamyatin na Rasha ya bi wannan hanya a littafin da ya rubuta tsakanin 1920 da 1921, wanda sunansa ke nufin Mu, Faransawa kuma suka fassara shi Nous autres. An fara buga shi da Ingilishi a 1924, bai fito a Tarayyar Sobiyet ba sai 1988. Littafin rubutu 40 ne na wani injiniya mai lamba D-503, a ƙasar da mutane ba su da suna sai lamba. Ya fara rubutun ne don yabon hukuma. Da ya haɗu da wata mata, I-330, sai jimlolinsa suka fara kakkaryewa, shakka ta shigo. Tun da shi kaɗai ke riƙe da alƙalami, mai karatu bai san abin da matar ke ƙullawa ba sai lokacin da shi ya sani. A ƙarshe an yi masa tiyatar cire tunanin ƙirƙira, rubutu na 40 ya fito a sanyaye, yana ba da labarin azabtar da ita ba tare da wani tausayi ba. Sauyin muryar shi ne ƙarshen labarin.

Na biyu shi ne matakai uku: farkawa, tawaye, murƙushewa. Littafin 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, kashi uku ne daidai da haka. A kashi na farko Winston Smith, ma'aikacin da aikinsa shi ne sauya tsofaffin jaridu su dace da maganar jam'iyya ta yau, ya sayi littafin rubutu ya fara rubuta abin da ke ransa. A na biyu ya ƙulla soyayya da Julia, ya amince da O'Brien a matsayin ɗan tawaye. A na uku yana tsare, O'Brien ɗin ne ke azabtar da shi. Orwell bai taɓa fitar da mai karatu daga kan Winston ba, don haka tarkon da aka ɗana masa ya kama mai karatu tare da shi. Da an shiga zuciyar O'Brien ko da shafi ɗaya ne, da kashi na biyu ya rushe.

Na uku shi ne da'ira, labari ya koma inda ya faro. Wannan ne Hausawa suka fi sani, saboda Bala A. Funtua ya mayar da Animal Farm na Orwell, na 1945, zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Dabbobi sun kori mai gandu, sun rubuta dokoki bakwai a bango, sannan shugabanninsu suka riƙa gyara dokokin ɗaya bayan ɗaya da dare. Kowane gyara mataki ne a zaren labarin. A babi na ƙarshe dabbobin da ke leƙe ta taga sun kasa bambanta sababbin shugabanni da mutanen da aka kora.

Na huɗu shi ne shigo da baƙo. Aldous Huxley ya buɗe Brave New World, wato Le Meilleur des mondes na 1932, da zagayen ɗalibai a masana'antar da ake ƙyanƙyashe jarirai a kwalba. Mutanen wannan duniya sun gamsu da halinsu, saboda haka babu rikicin da zai ja labari. Sai da Huxley ya kawo John, wanda ya girma a wajen tsarin, sannan aka sami idon da zai ga muninsa. Zuwan baƙon ne ya kunna rikicin, mutuwarsa ta rufe shi.

Na biyar shi ne rataye, wato wani rubutu da ake liƙawa bayan labari ya ƙare. Margaret Atwood ta Kanada ta rufe The Handmaid's Tale, La Servante écarlate na 1985, da taron masana tarihi a shekarar 2195. A nan ne ake gane cewa labarin da aka karanta an kwafo shi ne daga kaset kusan 30 da aka tsinta, kuma wasu malamai maza ne suka jera su yadda suka ga ya dace. Shafukan sun tabbatar da cewa gwamnatin Gilead ta faɗi, sun kuma nuna cewa ko bayan faɗuwarta wasu ne ke riƙe da muryar matar. Shi ma 1984 yana da rataye kan sabon harshen jam'iyya, an rubuta shi kamar ana maganar abin da ya wuce, abin da ya sa wasu manazarta, har da Atwood, suke ganin alama ce ta cewa mulkin bai dawwama ba.

Kourouma: dare shida a gaban shugaba

Ahmadou Kourouma ɗan Kwaddibuwa ne, an haife shi a 1927, ya rasu a 2003. Ya zauna a Lome kimanin shekara goma yana aikin inshora, kuma a 1998 ya wallafa En attendant le vote des bêtes sauvages, wanda ya ci kyautar Livre Inter a 1999. An fi lissafa shi cikin littattafan mulkin kama-karya, domin abin da ya wuce yake bayarwa, amma maƙwabcin distofiya ne na kusa: ƙasa ce ƙagaggiya mai suna République du Golfe, wadda mutum ɗaya, Koyaga, ya mallake. Manazarta sun daɗe da nuna kamannin Koyaga da Gnassingbé Eyadéma, wanda ya mulki Togo daga 1967 zuwa 2005, da kuma kamannin shugaban da Koyaga ya kashe, Fricassa Santos, da Sylvanus Olympio da aka kashe ranar 13 ga Janairu 1963.

An zuba littafin a matsayin donsomana, waƙar tarihin mafarauta ta Malinke, cikin zama shida na dare. Mawaƙin mafarauta Bingo ne ke ba da labarin, Koyaga na zaune a tsakiya tare da ministansa Maclédio da manyan mafarauta. Bingo na da ɗan amshi, Tiécoura, wanda ke da matsayi irin na wawan sarki: an yarda ya faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa.

Wannan tsari ya yanke abubuwa da dama. Tun da waƙar yabo da asali take farawa, labarin ya faro daga mahaifin Koyaga, ɗan kokawa Tchao, kafin ya zo kan aikin sojan Koyaga a ƙarƙashin Faransa da juyin mulkinsa da ziyarar da ya kai wa sauran shugabannin nahiyar don koyon dabarun zama a kujera. Tun da kuma zaman na tsarkakewa ne, ba a yarda a tsallake komai ba, saboda haka duk kisan da aka yi sai an ambace shi a gaban wanda ya yi. Bingo na kirari, Tiécoura na lissafa gawarwaki, yabon ya rikiɗe ya zama tuhuma ba tare da an kafa kotu ba.

Dalilin zaman ma yana cikin zaren labarin. Bayan tarzomar matasa da taron ƙasa, irin wanda aka yi a Lome a 1991, Koyaga ya rasa mahaifiyarsa Nadjouma da malaminsa Bokano, tare da abubuwa biyu da ƙarfinsa ya dogara a kansu: wani dutse da ya faɗo daga sama da wani tsohon Alƙur'ani. An shaida masa cewa ba zai same su ba sai an rera tarihinsa duka. Ba da labarin, ke nan, shi ne yunƙurinsa na ƙarshe na komawa kan ƙarfinsa. Shi ya sa littafin ya tsaya kafin zaɓe, a kan alkawarin cewa in mutane suka ƙi zaɓensa, namun daji za su fito su jefa masa ƙuri'a. Jiran da ke cikin sunan littafin daga tsarin ya fito.

Efoui: ɗaki ɗaya, dare ɗaya

Kossi Efoui an haife shi a Anfoin da ke kudancin Togo a 1962. Ya karanta falsafa a jami'ar Lome, ya shiga gwagwarmayar adawa da gwamnatin lokacin, sannan ya koma Faransa da zama a 1990. Littafinsa L'ombre des choses à venir na 2011 distofiya ce cikakkiya. A wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba, wani saurayi na ɓoye a ɗaki da dare, yana jiran masu fitar da mutane ta ɓarauniyar hanya, waɗanda ake kira mutanen kada. Yana jira yana ba da tarihinsa da raɗa.

In aka duba abin da ke faruwa a zahiri, kusan babu komai: mutum ne zaune a duhu. Duk sauran labarin ta waiwaye yake zuwa. An tafi da mahaifinsa wani sansani da ake kira Gandu tun yana ƙarami, a zamanin mamaya, ya dawo bayan shekaru ba ya magana. Bayan 'yanci sabuwar hukuma ta ci gaba da tura matasa bakin iyaka, amma ba ta yarda a kira abin yaƙi ba, sai dai jarrabawar iyaka. Kowane abin da saurayin ya tuno hujja ce ta ƙin amsa kiran, don haka jerin tunanin nasa shi ne jerin dalilan gudunsa. Mai karatu yana koyon fassara kalmomin hukuma sannu a hankali, daidai da yadda yaron ya koya. Shirun uban da raɗar ɗan sun haɗu a wuri guda: wanda ya ga abin da ido ya rasa baki, wanda ke da baki kuma ba shi da ikon ɗaga murya.

A wani littafinsa da ya riga wannan, La Fabrique de cérémonies na 2001, wanda ya ci Grand prix littéraire d'Afrique noire a 2002, Efoui ya yi amfani da tsarin baƙo, amma ya juya shi. Edgar Fall, mai aikin fassara a Paris, ya dawo gida a matsayin wakilin wata mujallar yawon buɗe ido, ya tarar ƙasashen da ya sani sun narke, Lome ta koma Tapiokaville. Baƙon a nan ɗan gida ne. Tafiyar da ya kamata ta kai shi ga danginsa da tarihinsa sai ta riƙa watsewa, domin wuraren da zai tuna da su sun sauya suna.

Tchak: farawa daga laifi

Sami Tchak, wanda sunansa na asali Sadamba Tcha-Koura, an haife shi a 1960 a Bowounda, kusa da Sokode. Ya koyar da falsafa a lise kafin ya tafi Faransa a 1986. Littafinsa La fête des masques ya ci Grand prix littéraire d'Afrique noire a 2004. Labarin na gudana a wata ƙasa marar suna da ke hannun shugaba ɗaya da 'yan fadarsa. Tun da wuri tauraron, Carlos, ya yi kisa, sannan ya zauna yana ba ɗan matar da ya kashe tarihinsa. Da yake an san laifin tun farko, tambayar wa ya aikata ta faɗi. Abin da ya rage shi ne yadda wulaƙancin gida da na fadar masu mulki suka ƙera mutumin da ya aikata.

Tushen abin a adabin Hausa

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga labarin da ba da shi ke sauya abin da zai faru. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makirci, ɗan sarki Musa yana so ya fita daga fada, aku kuma yana riƙe shi da labarai har gari ya waye. Kowane labari dare guda ne da aka saya wa Musa. Haka Shaharzad ta sayi ranta a Dare Dubu da Ɗaya. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin ne da kansa ke ba almajiransa labarin bautar da ya sha, don haka an san ya tsira tun shafin farko, nauyin labarin ya koma kan mahaifiyarsa da ta bi sawunsa. Bambancin da distofiya ta kawo shi ne, mai ba da labarin yakan yi asara: aku ya ceci Musa, amma rubutun Winston Smith na cikin abin da aka kama shi da shi.

Abin da ya haɗa batun da Sokode da Dapaong

Sokode, mai nisan kusan kilomita 340 daga Lome, ta bunƙasa ne a kan tsohuwar hanyar fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma unguwar Didaouré ta samo asali daga 'yan kasuwa Musulmi da suka zauna a wurin. Dapaong, babban birnin yankin Savanes, tana kusa da iyakar Burkina Faso. Hausawan garuruwan biyu suna magana da Hausa a gida da kasuwa, suna karatu da Faransanci a makaranta, don haka suna iya karanta Efoui da Kourouma a harshen da aka rubuta su, su kuma auna su da Imam da Funtua.

Tambayar wa ke da ikon ba da labari ma ba a takarda kawai suka san ta ba. Ranar 19 ga Agusta 2017 zanga-zangar neman gyaran tsarin mulki ta ɓarke a Sokode da wasu garuruwa, aka rasa rayuka. A watan Satumba na shekarar aka katse intanet a ƙasar, kuma a watan Yuni 2020 kotun CEDEAO ta yanke hukuncin cewa katsewar ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. A yankin Savanes kuwa, an kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yuni 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga daga bakin iyaka, kuma mutanen ƙauyuka da dama sun baro gidajensu zuwa Dapaong da kewaye. Duk wanda zai rubuta ƙagaggen labari kan irin waɗannan shekaru zai ci karo da matsalar da Zamyatin da Efoui suka ci karo da ita: a bakin wa za a sa labarin, kuma ta wace hanya ya fito.

Yadda ake nazarin tsarin

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar BAC ko mai karatun adabi a jami'ar Kara zai iya fara nazarin kowane littafin distofiya da tambayoyi huɗu.

Wa ke magana, kuma me ba zai iya sani ba? Abin da aka ɓoye wa mai ba da labari shi ne yawanci tarkon da zai kama shi.

Yaushe yake magana? In yana rubutawa ne abin na faruwa, ba shi da tabbacin gobe. In bayan shekaru ne, ya tsira, sai a nemi abin da ya biya.

Wa ke saurare? Bingo na magana a gaban shugaba, saurayin Efoui na raɗa a ɗakin da babu kowa, kuma wannan ne ya bambanta abin da kowannensu zai iya faɗa.

Ina aka tsaya? Littafin da ya ƙare da murƙushe tauraro, da wanda ya koma mafarinsa, da wanda ya ƙara shafukan wani zamani na gaba, kowanne yana ba da hukunci dabam kan ko irin wannan mulki yana da ƙarshe.